Kwana Shida a Idon Idi Tela

Na ji ɗayanku yana cewa aikin ido shi ne mafi sauƙi a likita: ka ɗaga fatar ido, ka ɗiga magani, ka ce ma mutum ya dawo jibi. Ban yi masa musu ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da aka kai ni koyon aiki. Amma tunda kun tako har gida kuna tambaya, ku gyara zama in faɗa muku yadda muka yi shi a zamaninmu, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Na fito daga lakol ɗin anfirmiye, wato makarantar ma'aikatan jinya, ana saura kaɗan a sauke tutar Faransa. Aka tura ni wata ƙaramar likita a ƙasar Agiye, ɗaki biyu da rumfar zana, ƙarƙashin wani dattijo, Manjo Tanko. Manjo muke ce ma babban anfirmiye, wanda likitar take hannunsa. Mutum ne marar yawan magana, ya yi aikin soja wajen Turawa, kuma a can ya koyi ido. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa idon kowa ba. Aikina dafa kaya: in hura resho, in zuba ƴan almakasai da hantsaki da ƙarfen ɗage fatar ido da sandunan gilashi da muke shafa man ido da su, in bar su su tafasa har sai ya duba agogonsa ya gyaɗa kai. In na tsamo da wuri, ba ya faɗa. Sai ya mayar da su cikin tukunya da kansa, ni kuma in tsaya ina kallo, marasa lafiya suna jira a rumfa suna kallona.

Ido na farko da na juya fatarsa na wata tsohuwa ne daga wajen Gangara, wadda gashin idonta ya koma ciki yana gogar baƙin ido. Ta zo da ɗan hantsaki rataye a wuya, da shi take tuge gashin duk bayan ƴan kwanaki. Manjo ya ce in sa ta ta dubi ƙasa, in kama gashin da yatsa biyu, in danna sandar gilashi a saman fatar, in juya. Sau huɗu fatar tana kuɓuce mini. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, in ba ka iya ba ka bar ma babanka." Manjo ya ce, "Yi haƙuri, inna, a kanki zai iya." A na biyar ta juyu. Daga ranar na gane hannu ake koya ma wannan aiki kafin kai.

Kayan dubanmu ba su da yawa. Akwai madubi mai ƙara girma da ake ɗaurawa a goshi, da tocila, da wani ruwa rawaya da in ka ɗiga a ido, duk inda baƙin ido ya kurje sai ya fito kore shar. Wannan ruwan ya fi mini komai amfani, don gyambon ido yakan ɓuya ga wanda ke dubawa da ido kawai. Akwai kuma wata kwalba mai shuɗin ruwa a can ƙarshen kanta, ta gwajin fitsari. Kana zuba ruwan a bututun gilashi, ka ƙara fitsari, ka ɗora a kan fitilar alkol. In mutum yana da ciwon sukari, shuɗin sai ya rikiɗe ya koma ja kamar jar ƙasa. Manjo ya nuna mini sau ɗaya da ruwan sukari. A lokacin ana ɗaukar ciwon sukari na Turawa ne da manyan attajiran birni, don haka kwalbar ta fi shekara ba a buɗe ta ba.

Abin da ke tara mana jama'a shi ne fanisilin. Gari ne fari a ƴar kwalba, mu narka shi da dafaffen ruwa mu yi maganin ɗigawa. Ba ya jure zafi, sai mu binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen rairayi a gindin randa, bayan kwana uku abin da ya rage mu zubar mu haɗa sabo. Ku da kuka taso kun iske magunguna cike da kanti ba za ku gane yadda abin yake ba. Manomi zai zo da kaka, ƙaiƙayi ya soke masa ido wajen sussuka, idon ya kumbura yana zubar da mugunya. A da wannan ido ya tafi ke nan. Sai mu ɗiga masa ruwan nan kowace awa, kwana biyu ka gan shi ya buɗe ido yana tambayar jakinsa. Makiyaya suna baro rugage su zo su ce a ba su ruwan Manjo. Ni dai a shekarun farko ban taɓa ganin idon da ya ƙi shi ba.

Da aka samu ƴancin kai, Turawa da yawa suka koma gida, aka rinƙa janye tsofaffin ma'aikata zuwa manyan garuruwa don su riƙe wuraren da aka bari. Aka kira Manjo Tanko Maraɗi. Ya miƙa mini makulli ya ce, "Abdu, ga likita nan. Abin da ba ka sani ba kada ka yi kamar ka sani." Ya hau mota. Na zama ni ne manjo, ni ne mai dafa kaya, sai ungozoma ɗaya da ke ɗakin mata.

Kaka ta biyu ko ta uku bayan tafiyarsa ita ce muguwar shekarata, kuma da Idi tela ta fara. Idi shi ne mai keken ɗinki ɗaya tilo a garin. Mutum ne kakkaura mai raha, a bakin kasuwa yake ɗinki, butar shayinsa ba ta sauka daga wuta. Shekarar an buɗe sabuwar lakol, aka ba shi ɗinkin kakin yara. Yana cikin ɗinka wani kauri sai allura ta karye, tsinin ya yi tsalle ya same shi a idon dama. Bai zo ba sai bayan kwana uku, matarsa Hurera ce ma ta matsa masa ta rako shi.

Na ce, "Idi, mi ya hana ka zuwa tun ranar?"

Ya ce, "Malam Abdu, ai ba ya mini zafi. Hawaye ne kawai. Ga kayan ƴan lakol sun taru."

Na ji wannan magana na bar ta ta wuce. Ƙarfe a baƙin ido kwana uku, mutum ya ce ba zafi, ya kamata in tsaya in tambayi dalili. Daga baya na san ciwon sukari yana kashe jin ido kamar yadda yake kashe jin tafin ƙafa. Ran nan dai na ɗiga maganin kashe zafi, na ciro tsinin da bakin allura, na sa ruwan rawaya. Gyambon ya fito kore, bai fi ƙwayar gero ba. Na ba Hurera kwalbar fanisilin, na nuna mata yadda za ta ɗiga, na ce ya dawo kullum da safe, nan da Juma'a zai koma kan kekensa.

Rana ta uku gyambon ya kai ƙwayar dawa, gefensa ya yi fari. Na ce lalle zafi ya ɓata maganin. Na zubar, na haɗa sabo, na ƙara masa ƙarfi. Rana ta huɗu na ga ba sauƙi, na zargi Hurera da rashin ɗigawa a kan lokaci. Ta ce, "Wallahi Malam, ko sallah na idar sai na ɗiga mai." Na sa aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na rinƙa ɗigawa da hannuna, na haɗa masa da allurar fanisilin a ɗuwawu. Duk abin da ya zo mini a rai shi ne a ƙara fanisilin. Cewa maganin ne ba ya kama cutar, wannan bai zo mini ba ko sau ɗaya, don ban taɓa ganin haka ba.

Rana ta biyar na haska tocila na ga mugunya ta kwanta a cikin idon, can ƙasan baƙin, fara kamar jinjirin wata. Ina wanke hannu sai Hurera ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Malam, akwai wani abu, ban sani ba ko ya shafi ido. Inda ya zaga ya yi fitsari, kiyashi ke taruwa. Ya kai shekara biyu. Ga shan ruwa kamar an koro shi daga daji."

Na ɗauko kwalbar shuɗin ruwan, na goge ƙurarta. Fitsarin Idi bai ma tafasa sosai ba ya koma ja. Na sa ya cire riga. Bayansa da ƙeyarsa da hamatarsa duk tabon maruru ne, tsoho da sabo. Na tambaye shi wa ke yi masa magani. Ya ce akwai wani mai allura da ke zuwa ranar kasuwa da jakar fata, yana sayo magani daga ƙetaren iyaka. Duk sanda maruru ya fito sai ya je a yi masa allura ɗaya, in ya yi tsanani biyu, da ya fashe sai ya bari. Na ce wace allura? Ya ce, "Irin taku mana. Farin garin nan."

Ko a nan ban gane ba. Na dai hana shi shayi da fura mai sukari, na ci gaba da ɗiga abin da nake ɗigawa. Da safiyar rana ta shida na buɗe bandeji na iske idon dama ya fashe, ya lotsa. Na duba na hagu, wanda lafiya lau ya zo da shi, na ga ya yi ja, kwantsa ta manne gashin, ga wani farin ɗigo a gefen baƙin. Da tsumma ɗaya yake share idanun biyu.

Na bar ma ungozoma makulli, muka tare motar gyaɗa mai zuwa Maraɗi. Idi da Hurera suka zauna gaba kusa da direba, ni na hau kan buhuna. Hanyar ba kwalta a lokacin, mun fita da hantsi ba mu isa ba sai la'asar. Na nemi Manjo Tanko na same shi. Ya ɗaga bandejin ya duba, ya mayar, sannan ya ja ni gefe.

"Kwana nawa kana ba shi fanisilin?"

"Shida, Manjo."

"Yaushe ka ga ba ya ci?"

"Rana ta uku."

"Fitsarin fa?"

"Jiya."

Ya kai mu wurin wani lokotoro, wato dokta, ɗan ƙasarmu ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a Dakar ba. A wurinsa na fara ganin aikin da ya kamata in ba ku labarinsa. Ya ƙona bakin wata siririyar waya a wuta, ya bari ta huce, ya shafo mugunya daga kowane ido da kuma gindin gashin ido. Yana da ƴan tasoshin gilashi masu murfi, a cikinsu wani abu ja mai kama da daskararren kunu, da jinin rago ake haɗa shi. Ya shafa mugunyar a kai, ya jera ƴan ƙananan takardu zagayayyu, kowace an jiƙa ta da magani daban. Ya sa tasoshin a wani akwati mai fitilar kananzir a ƙasa, irin na ƙyanƙyasar ƙwai, don ɗumin ya yi daidai da na jikin mutum. Bai jira sakamako ba. Nan take ya ce a daina fanisilin, a koma wani magani mai suna kuloramfenikol, a kuma fara yi ma Idi allurar insulin don a sauke sukarin.

Bayan kwana biyu ya kira ni ya ɗaga tasa ɗaya a hasken taga. Ƙwayoyin cutar sun tsiro sun rufe ta, launin ruwan ƙwai. Amma kewaye da wata takarda akwai fili fes, babu abin da ya tsiro.

Ya ce, "Wannan shi ne maganin da muka koma. Ka ga sun ja da baya. To, dubi wannan."

Ya nuna wata takardar. Ƙwayoyin sun tsiro har sun hau kanta.

"Wannan fanisilin ɗinka ne. Ko tulu guda ka zuba masa, haka za su zauna a ciki."

Na ce, "Lokotoro, garin yaya? Ai shi muke ba kowa."

Ya yi mini bayani a tsaye, ni ma haka zan yi muku. Kowane mutum yana da ƙwayoyin cuta zaune a fatar idonsa da gindin gashin, ba sa yi masa komai sai ido ya samu rauni. Mai ciwon sukari nasa sun fi yawa, don hawayensa ma da sukari, jikinsa kuma ba ya yaƙi da su yadda ya kamata. Ga shi ba ya rabuwa da maruru da gyambo, don haka ya fi kowa shan magani. Kowace allura ɗaya da Idi ya karɓa a kasuwa takan kashe raunanan, ta bar masu taurin kai. Su ne suka hayayyafa shekara biyu a jikinsa. Ranar da tsinin allura ya buɗe musu ƙofa, waɗanda suka shiga sun riga sun saba da fanisilin.

Idon dama ba shi da gyara, barinsa kuma haɗari ne. Manjo ne ya gaya ma Idi, ina tsaye.

Idi ya ce, "In an cire shi, ɗayan zai tsira?"

Manjo ya ce, "Muna sa rai. Ɗigon ya tsaya, bai ƙaru ba tun jiya."

"Zan ga kafar allura?"

"Wannan ban sani ba, Idi."

Ya ce, "To, ku cire. Allah Ya sa haka ya fi alheri."

Ni na riƙe kansa aka yi aikin. Sati uku ya yi a kwance. Idon hagu ya warke, ya bar ƴar hakiya a gefe wadda ba ta tare gani ba.

Na koma likitata da kwalaben sabon maganin da wasu bututu masu auduga a tsinke, na ɗaukar mugunya. Kakar ba ta ƙare ba sai da na ƙara haɗuwa da irin wannan ido. Akwai wani mai sayen gyaɗa da karan gero ya soka. Shi tun ranar farko na dafa fitsarinsa, ya yi ja, na tsallake fanisilin, ya tsira da idonsa. Akwai wata Bafillatana mai tallar nono, ramammiya, wadda ba wanda zai ce tana da sukari, amma gwaji ya nuna. Na ɗauki mugunyarta na ba direban motar gyaɗa ya kai Maraɗi, zafin hanya ya kashe ƙwayoyin, babu abin da ya tsiro. Na sake aikawa, na naɗe bututun a jiƙaƙƙen tsumma. Kafin amsa ta dawo mutanenta sun tashi da shanu sun yi arewa da ita. Takardar ta nuna nata ba ya jin fanisilin, ba ya jin wanda na ba ta ma. Da rani na ji labari an gan ta a wata rijiya ana ja mata sanda.

Mai allurar kasuwa ma na je na same shi a rumfarsa. Na zaci zan iske mugu, sai na iske dattijo mai ladabi, har tafasa sirinjinsa yake yi. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Malam, mutum ya zo daga tafiyar yini, ya ce allura ɗaya yake so, gobe yana gona. In na ce sai ya yi sati, wa zai zauna?" Gaskiya mu ma a likita sau da yawa haka muke sallamar mutane. Muka dai yi da shi duk mai yawan maruru zai turo mini. Ya turo wasu.

Daga wannan shekara na canza tsarin aikina, kuma da shi na yi har na ajiye aiki a wajen Sae Sabuwa. Duk babban mutum da ya zo da gyambon ido, kafin in ɗiga komai sai na tambaye shi ƙishirwa da fitsari, in duba bayansa, in tambayi wane magani ya sha a shekarar da kuma wa ya ba shi. Wanda ya ce rauni ba ya masa zafi, shi na fi tsoro. Mai sukari da za a yi ma aikin gashin ido ko na yanar ido, sai an sauke sukarin, an wanke gindin gashin kwana da kwanaki, in da hali a aika da shafar fatar idonsa a gani. Kuma magani in ya kwana biyu ido bai juyo ba, ba na ƙara masa ƙarfi, tashi nake in nemi wanda ya fi ni. Kuloramfenikol ɗin da ya ceci Idi, da idona na ga tasar da ƙwayoyi suka hau kan takardarsa. Aka kawo wani, shi ma ya yi zamaninsa. Waɗanda ke aljihunku yanzu ban ma iya faɗin sunansu ba, amma na ji masu labo, wato ɗakin gwaji, suna cewa a idon masu sukari an fara ganin haka.

Idi ya koma ɗinki bayan wata biyu. Hurera ke zura masa zare, shi kuma ya karkata kai gefe yana bin layi da ido ɗaya. Ya bar shayi mai sukari, yana zuwa duk wata in dafa fitsarinsa. Wata rana bayan gwaji na ce masa, "Idi, akwai abin da ya kamata ka sani. Da na kai ka Maraɗi tun rana ta uku, mai yiwuwa da idonka biyu." Ya ce ya sani, Hurera ta ji lokacin da Manjo ke tambayata. Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Wata na gaba ya zo da ƙunshi. Farar rigar aiki ce ya ɗinka mini, mai aljihu a ƙirji, ya ce tawa ta tsufa. Na sa ta a gabansa. Ɗinkin ya yi kyau, sai dai aljihun ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da kamar faɗin yatsa. Ya ja da baya yana dubawa.

Ya ce, "Ya zauna daidai?"

Na ce, "Aljihun ya ɗan karkata."

Ya matso, ya juya kai, ya sa idon hagu ya duba da kyau, ya shafa shi da yatsa.

Ya ce, "To, ni a wurina daidai yake."

Na ce a bar shi haka. Da ita na yi aiki har ta mutu a wuya.